Kwana Goma Sha Tara Ana Ce Mini Sori

Tun muna firamare na san kalmar nan ta Turanci, sori. Da bulala a hannu malaminmu ya koya mana ita: in ka yi laifi ka kama kunne ka ce sori, magana ta ƙare. Da muka girma kuma muka mayar da ita sannu. Mutum ya yi tuntuɓe a kasuwar Minjibir, sai ka ji ɗan boko ya ce masa sori. Iyakar abin da na sani ke nan har na haura shekara talatin. Sai da na je Ingila, gawar yayana ta yi kwana goma sha tara a cikin firji, sannan na san sauran aikin da ake sa kalmar nan. Har yau in na ji ta raina ɓaci yake yi, ko wa ya faɗa.

Ni da yayana Haladu muka tafi. Shi dillalin wake ne a Dawanau, ni kuma ina taɓa aikin asibiti a garinmu, na wanke ciwo da ɗaure rauni. Wani mai haɗa biza a Kano ne ya rantse mana da girman Allah cewa aikin kula da tsofaffi yana can yana jiranmu, har da ɗakin kwana. Muka sayar da gonar fadamar da Baba ya bar mana, muka bar wa Inna ta tudu. Ba zan daɗe a kan wannan wautar ba, don na riga na zagi kaina a kanta fiye da yadda kowa zai zage ni.

Sori na farko a filin jirgi muka karɓe shi. An ce za a zo a ɗauke mu. Muka zauna a kan jakunkunanmu tun hantsi har la'asar, babu wanda ya zo. Da na kira mai kamfanin da zai ba mu aikin, wanda kuma mutumin ƙasarmu ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, sai ya ce, “Sori, direba ba ya nan. Ku hau jirgin ƙasa.” Ya kashe waya. Na tsaya ina jiran ya sake kira ya faɗa mana wane jirgi, zuwa ina, tunda ai ya ce sori, kuma a sanina wanda ya ce sori ya ɗauki laifi, zai gyara. Haladu ya dube ni ya yi dariya.

“Rabi'u, ɗauki jakarka. Wannan sorin ba irin na malaminku ba ne.”

Haka muka isa garin, wani gari mai jajayen gidaje iri ɗaya, kullum sama a murtuke. Aikin da aka yi mana alkawari ashe a takarda kawai yake. Duk safiya mu je ofishin kamfanin, yarinyar da ke bakin ƙofa ta washe mana haƙora ta ce, “Sori, yau ma babu.” Ba ta taɓa fasa murmushin ba. Da ta ɗaure fuska ma da na fi jin sauƙi, don da na san da wa nake faɗa.

Haladu mutum ne mai ba'a, kuma dillali ba ya raina kaya sai ya zuba hannu a buhu ya duba. Sai ya kama rarrabe sori kamar yadda yake rarrabe wake. In muka dawo ɗaki ya tuɓe takalmi, sai ya fara ba ni rahoto.

“Yau na samo sabon iri. Na taka wata tsohuwa a bas, ni na taka ta fa, amma ita ta ce mini sori. Ka ga wannan, ma'anarsa ɗage ƙafarka, ɗan banza.”

Akwai wanda ya sa wa suna sorin matsa can, wanda ake yi maka in ka tare hanya a kanti. Akwai na kurma, wanda suke ja da ɗaga gira in ba su gane Turancinka ba, ka maimaita sau uku su maimaita maka sori sau uku har ka ji kamar bakinka ne ya lalace. Wanda ya fi tsana shi ne na ofis. Ya ce shi wannan ba magana ba ce, sakata ce, ana faɗarsa ne hannu yana kan ƙofa. Ni dai dariya nake yi a lokacin. Ban san zan zauna da wannan sakatar ni kaɗai ba.

Wanda ya fara yi mana alheri a garin nan limamin wani ƙaramin masallaci ne, dattijo ɗan Pakistan mai gemu ja da lalle. Ya gan mu muna salla da rigunan da ba su tare sanyi, bai tambaye mu komai ba, ya shiga ciki ya fito da manyan riguna biyu da shayi mai madara. Shi ya haɗa mu da wani gidan tsofaffi da ke neman ma'aikata da gaske. Muka fara aiki, muna wanke tsofaffin da 'ya'yansu suke aiko musu da kati mai furanni. Haladu ya karɓu a wajen. Tsofaffin suna son sa, don shi ba ya gaggawa, zama yake yi ya saurari labarin da ba ya ganewa yana gyaɗa kai.

Kewar gida kuwa ba ta taɓa sakin mu ba. Lokacin da aka fara yankan gero, matar Haladu, Sa'ade, ta kira mu ta bidiyo daga gonar tudu. Muka ga an jera dammunan gero, muka ga Inna zaune a gindin ɗorawa tana tsinke gyaɗa, bayanta gonar maƙwabta ta haɗe da tamu babu tazarar taku biyu, kowa yana jin tarin kowa. Haladu ya ce, “Inna, a ajiye mini sabon gero na fura.” Inna ba ta dubi wayar ba. Ta ce wa Sa'ade, “Ki ce wa wancan ya riƙa rufe ƙirjinsa.”

Haka take da shi. Haladu ɗanta ne na fari, kuma Inna irin matan zamanin da ce masu alkunya. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ido da ido ba. Wancan take cewa, ko yayanku. Ko wani mai suna Haladu ne ya zo sayen ƙuli, sai ta ce mai sunan wancan. Duk ƙauyen an san haka, kuma an san babu wanda take so kamar sa.

Wata safiyar Talata, muna tsaye a tashar bas za mu tafi aiki, Haladu ya ce mini yana jin ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin in ce ya zauna, ya sulale. Motar asibiti ta zo da wuri, wannan ba zan yi musu ƙarya ba. Likitar da ta fito ta same ni ta zauna kusa da ni, ta ce sori, idonta ya kawo ruwa. Wannan sorin na yarda da shi. Shi kaɗai ne na gaskiya a cikin duk wanda na tara a ƙasar nan.

A garinmu, in mutum ya rasu da safe, kafin azahar an rufe shi. Babu wanda ake roƙo. Kafin mata su gama salati, samari sun ɗauki diga da shebur, wani ya tafi yanko likkafani, wani ya sari itace, liman ya ɗaura alwala. Gaggauta binne mamaci shi ne gata na ƙarshe da ake yi masa. Da wannan tunanin na tashi na ce wa likitar a ba ni yayana in kai shi masallaci. Ta ce mutuwar fuju'a ce, sai wani ofishi ya bincika ya saki gawar, kuma ɗan'uwansa na jini kaɗai za a sakar wa. Na ce to ai ga ni.

Na kira gida. Kawu Sule, ƙanen Inna, shi ya shiga ya faɗa mata. Da yamma ta karɓi wayar da kanta. Ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi mini.

“An rufe shi?”

“Tukuna, Inna. Gobe in sha Allahu.”

Washegari na je ofishin. Matar da ke riƙe da takardun Haladu doguwa ce mai gilashi, da biro a maƙale a gashinta. Ta yi mini sori na gaisuwa, ta karɓi fasfo ɗina, ta ajiye kusa da nasa. Ta daɗe tana duban su.

“Kai sunanka Rabi'u Garba. Shi kuma Haladu Minjibir. Ka ce uwarku ɗaya ubanku ɗaya?”

Na yi mata bayani. Garba sunan mahaifinmu ne. Haladu kuwa da aka kai shi makarantar kwana, akwai masu suna Haladu Garba har uku a ajin, sai shugaban makaranta ya rubuta kowa da sunan garinsu, kamar yadda ake yi a wajenmu. Sunan ya bi shi har takardar jarrabawa, har fasfo. Ta gyaɗa kai, ta sa yatsa a kan ranar haihuwa.

“A nan kuma tazarar wata biyar ce tsakaninku.”

Shekara shida Haladu ya ba ni. Amma bai shiga boko da wuri ba, sai da ya sauke Alƙur'ani, kuma ranar rajista hedimasta ne ya dube shi ya yanka masa shekarun da za su dace da aji ɗaya. Wa ya taɓa tunanin wannan zai zama abin magana? A ƙauyenmu da shekarar fara ko shekarar da rijiya ta rufta ake lissafin haihuwa. Na faɗa mata duk wannan, ina jin yadda maganar take fita daga bakina kamar ƙaryar da aka shirya a hanya.

“Sori,” in ji ta. “Ina buƙatar shaida.”

Ta ƙara da cewa in ba a tabbatar da ɗan'uwa ba, hukuma ce za ta yi masa jana'iza a lokacin da ta ga dama. Na tambaye ta ko ƙona shi za su yi, don na ji ana yi. Ta ce a'a, tunda Musulmi ne. Ban yarda da ita ba. Mutumin da ya ce ni ba ƙanen Haladu ba ne, me zai faɗa mini in yarda?

Daga nan aka shiga jigila. Kawu Sule ya hau mashin zuwa wajen dagaci, dagaci ya rubuta takarda ya buga hatimi. Na kai. Sori, ba su san dagaci ba, sai takardar rantsuwa daga kotu. Kawu ya tafi Minjibir, aka ce mai sa hannu ya tafi Kano sai Litinin. Takardar ta zo, na kai. Sori, wadda ke riƙe da maganar ta tafi hutu. Na kira waya, na'ura ta riƙa ce mini sori saboda jiran da nake yi, tana sa mini kiɗa. Na'ura fa! Ranar sai da na yi jifa da wayar ta bugi bango. A wajen aiki kuma aka ba ni kati mai furanni, kowa ya rubuta sori ya sa hannu, aka tambaye ni ko zan iya zuwa aikin Asabar.

A gida an yi zaman makoki, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, duk a kan mutumin da ba a binne ba. Mutane suna zuwa daga ƙauyukan da ke kewaye, su zauna a tabarma a ƙofar gida, su yi addu'a, sannan su yi ƙasa da murya su tambayi Kawu wai me Haladu ya yi wa Turawa da suka riƙe gawarsa. Sa'ade tana cikin takaba, ita ce ta faɗa mini abin da ake ɓoye mini.

“Rabi'u, Inna fa ba ta cin abinci. Ruwa kawai, sai in an matsa mata ta kurɓi koko. Ta ce ba za ta cika cikinta ba yana can kwance a cikin ƙanƙara.”

Kullum bayan la'asar sai Inna ta sa a kira ni. Kullum tambayar ɗaya ce. Ranar kwana na goma sha biyu, na fito daga ofishin ke nan, kaina yana sarawa, ta ce, “An rufe shi?” Sai na ji bakina ya ce, “Sori, Inna.”

Ta ce, “Me ka ce?”

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba haƙuri na ba ta ba. Na ofis na yi mata, na sakata, don ta daina tambaya in samu in kashe waya. Uwata, da ba ta san ko harafi ɗaya na Turanci ba. Na tsaya a bakin titi ina zagin matar ofis, ina zagin mai haɗa biza, ina zagin hedimastan da ya daɗe da mutuwa, amma na san wanda na fi jin haushi.

Da mai gilashi ta dawo daga hutu, ta ce takardar kotun ta taimaka, amma tana son ta ji daga bakin mahaifiyar, ta bidiyo, da tafinta nasu ba ni ba. Na ji daɗi, na ce ai an gama. Ban yi tunanin abin da za ta tambaya ba, kuma wannan kuskurena ne, don ni na san Inna.

Aka haɗa waya. Ga Inna zaune a tabarma a tsakar gida, ta rame har mayafinta ya yi mata yawa, Sa'ade tana riƙe da wayar. Tafintan wani Bahaushe ne da ke magana daga wani gari, ba ma ganin fuskarsa. Aka tambayi Inna sunanta, ta faɗa. Aka tambaye ta ko ta san ni, ta ce, “Rabi'u ne, ɗana.” Sai matar ta ce, “Ki faɗa mini sunan ɗanki da ya rasu.”

Inna ta sunkuyar da kai.

Tafinta ya maimaita. Inna ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta ce, “Yayan wannan ne.”

“Sunansa nake so.”

Na miƙe na fara bayani, na ce ɗan fari ne, a al'adarmu uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari. Matar ta ɗaga mini hannu, ta ce in na sake sa baki za ta ɗauka ina koya mata amsa. Shi kansa tafintan ya yi ƙoƙari, na ji yana cewa abin da na faɗa gaskiya ne. Ta ce shi aikinsa fassara ne kawai. Ta jira minti ɗaya tana kallon agogo, ta rubuta wani abu da biron nan, ta ce, “Sori. Ba ta iya faɗar sunansa ba.”

A nan na fashe. Na ce mata da Turancina na kasuwa, wanda a ranar babu wanda ya ce bai gane ba, “Kada ki ƙara ce mini sori. Ba ki ji komai ba. In a'a za ki ce, ki ce a'a, in san da mutum nake magana!” Aka kira mai gadi ya raka ni waje. Shi ma da ya kama hannuna sai da ya ce sori.

Limamin nan mai jan gemu ne ya koma da ni bayan kwana biyu. Ya sa babbar rigarsa, ya zauna a gaban matar, ya yi mata magana a hankali har ta yarda a sake kira. Ni kuwa aikin da ya rage mini shi ne mafi muni. Na kira Inna, na ce, “Inna, ba za su ba ni shi ba sai kin faɗa.” Na ji kukan akuya a bayanta, na ji wani yana sallama a zaure. Sannan ta ce, “To.”

Aka sake haɗa waya. Aka sake tambayar. Kawu Sule da ke tsaye ya juya baya, Sa'ade ta kau da kai. Inna ta ɗago ta dubi wayar sosai, yadda ba ta taɓa duban shi ba yana raye.

“Haladu,” in ji ta. “Sunansa Haladu. Ni na haife shi, ranar Laraba, ana shukar gero.”

Shekara arba'in da uku tana riƙe da sunan nan a bakinta. Ba a ranar aurensa ta faɗa ba, ba a ranar da zai tafi ba. Sai a gaban baƙuwa mai biro a gashi, don a cike gurbi a takarda. Matar ta ce ta gode, ta sa hannu. Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, ta dubi fuskata, ta fasa.

Ranar kwana na goma sha tara muka rufe shi. Ni da liman muka yi masa wanka. Jikinsa ya yi sanyin da har yau nake ji a tafin hannuna. Mutanen masallaci suka fito sahu uku, yawancinsu ba su taɓa jin sunan Minjibir ba. Ƙasar wajen baƙa ce mai danƙo, ba irin jan yashinmu ba. Na shiga kabarin da kaina na karɓe shi, na kwantar da shi a kan damansa.

Ban jira la'asar ba. Ina fitowa daga maƙabartar, da taɓo har gwiwa, na kira gida. Sa'ade ta miƙa wa Inna.

“An rufe shi, Inna.”

“Kai ka sa shi?”

“Ni na sa shi.”

“Ka juya shi gabas?”

“Na juya shi.”

Ta ce alhamdu lillahi sau uku. Na ji ta ce wa Sa'ade ta dama mata fura, ta sabon geron nan da aka ajiye. Na ɗauka ta gama da ni, har zan kashe wayar, sai ta kira sunana.

“Rabi'u.”

“Na'am, Inna.”

“Sannu.”

Kwana goma sha tara ban zubar da hawaye ba, haushi ya hana ni. A nan bakin maƙabarta na durƙusa a cikin taɓo na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Wani Bature da ke wucewa da karensa ya ga na tare masa hanya, ya tsaya, ya ce sori. Na matsa masa ya wuce.